Famfon Sola a Lambun Ajiwa: Littafin Aikin 'Yan ND2

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024

Abin da ya sa na buɗe wannan littafi ya faru ne ranar Alhamis a wakshof. Na ɗora batirin babur a kan tebur, na ajiye mitar gwaji kusa da shi, na ce wa 'yan ND2 (shekara ta biyu ta difloma) na sashen lantarki wani ya taso ya gaya mini ko batirin yana da sauran rai. Su ashirin da huɗu ne. Biyar suka ɗaga hannu, kuma uku daga cikinsu yara ne da suka taso a shagon gyaran waya ko bin masu wayarin gida tun kafin su shigo makaranta. Sauran suka yi tsuru-tsuru. Ba rashin karatu ba ne, don dokar Ohm tun suna sakandare suka haddace ta. Da na matsa wa wata ɗaliba, sai ta ce, "Malam, in ta lalace a hannuna wa zai biya?"

Yaran nan ba su daɗe da dawowa daga SIWES ba, wato horon aikin hannu da ake tura ɗalibai wuraren aiki, wata huɗu cur. Tun 1973 hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu ta ƙirƙiro shirin, saboda masu masana'antu suna kukan cewa masu digiri da difloma ba su iya aiki da hannu ba. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, ga ni tsaye gaban masu tsoron mita. Na tambaye su inda suka yi. Da yawa a ofis aka zaunar da su, wasu kuma aka ce su dawo ranar ƙarshe a sa musu hannu a littafi. Ban ga laifinsu ba. Manyan masana'antu ba su da yawa a Katsina, mu kanmu a makaranta kayan gwaji a kulle suke cikin kabad, ba a fito da su sai za a yi baƙi. Da ni a cikin masu riƙe makullin.

To, na yanke shawara. Wannan zangon, darasin haɗa wuta zai zama aiki guda ɗaya, na gaske, mai ubangida. Akwai wani dattijo mai lambu a gefen Ajiwa, ƙanin mahaifin wani abokin aikina, da tsadar fetur ta sa ya rage rabin fangalinsa tun bayan cire tallafi a Mayun 2023. A Nuwamban nan na 2024 lita ta haura naira 1,000, shi kuma lita huɗu yake ƙonawa duk ranar ban ruwa. Ya yarda zai sayi famfo da farantan sola, mu kuma mu yi lissafi, mu haɗa, mu kula da shi har ƙarshen rani. Na raba ajin rukuni huɗu. Na gaya musu kada kowa ya rubuta lambar da bai auna da hannunsa ba. Na kuma amsa tambayar ɗalibar nan a gaban kowa: duk abin da ya lalace a hannun mai koyo yana cikin aiki, ni ke da alhakinsa.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Mun je lambu da bas biyu. Malamar wakshof ta raka mu, don iyayen biyu daga cikin 'yan matan sai da suka ji da mace babba a tafiyar suka amince.

Baba mai lambu ya tarbe mu da tabarmi da gyaɗa. Abu na farko da ya ja hankalin yaran shi ne rami. An haƙa shi a bakin rijiyar burtsatsen, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum, injin ban ruwa yana zaune a ƙasansa. Wani ya ce don gudun ɓarayi ne. Wani ya ce don inuwa. Na ce su tambayi mai shi. Baba ya ce, "'Ya'yan nan, ai in rani ya yi nisa ruwa guduwa yake yi ƙasa, inji ya daina jawo shi. Sai mu bi shi da rami."

Nan na zaunar da su a gindin mangwaro. Injin da ke sama ba jan ruwa yake yi ba. Iskar cikin bututu yake cirewa, nauyin iskar duniya ya turo ruwan sama. Nauyin nan iyakarsa ya ɗaga ruwa mita 10.3 a bakin teku. Katsina tana kusan mita 500 sama da teku, don haka namu bai kai nan ba, kuma a aikace inji yakan gaza tun daga mita bakwai zuwa takwas. Duk sun san wannan 10.3 ɗin, sun taɓa amsa ta a jarrabawa. Babu wanda ya taɓa kawo cewa ita ce ke sa dattijo ɗaukar shebur duk watan Maris. Na ga fuskokinsu sun canja. Baba ma ya matso yana saurare, ya ce shekara talatin yana haƙa ramin, yau ya ji dalili.

Sai awo. Da igiya da noti a bakinta suka gano rijiyar mita 18 ce, bututunta inci huɗu, wato famfon da ake zurawa cikin ruwa zai shiga. Fuskar ruwa tana mita 5.5. Suka sa Baba ya tayar da inji, bayan minti arba'in ta sauka zuwa 7. Rukuni na uku suka bi lambun da tef, suka samu kwatan hekta, albasa da tumatir da ɗan latas. Rukuni na ɗaya sun manta ba su rubuta lokacin da suka yi awonsu ba. Na sa suka sake.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Rukuni huɗu, amsa huɗu, daga wat 400 har wat 1,500. Ban gyara wa kowa ba. Na sa kowane rukuni ya hau allo ya kare lissafinsa, sauran su yi masa tambayoyi. Awa biyu da rabi muka yi, gardama ta yi zafi, kuma ban taɓa jin ajin nan da rai kamar yau ba.

Ga inda suka tsaya da kansu. Ruwa milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne. Lokacin zafi shuka tana shan kamar milimita shida a yini, wato lita 15,000 ga lambun Baba. Da abin da ke tsiyayewa a kwalbati da fangali, suka ɗauki 25,000. Tsayin da za a ɗaga ruwan, har da saukar rijiya da gogayyar cikin bututu, suka sa mita 15. Ɗaga lita 1,000 mita ɗaya yana cin kimanin wat-awa 2.72, sai jimla ta ba su 1,020. Ƙaramin famfo yakan ɓarnatar da fiye da rabin wutar da ya sha, don haka suka mayar da ita 2,550. Suka raba da awa biyar da rabi na rana mai ƙarfi, suka cire kashi 30 cikin 100 saboda zafi da ƙura da asarar waya: wat 660. Aka tsaya a faranti uku masu wat 300, saboda hazon hunturu.

Rukuni na biyu suka dage sai huɗu, wai don a wadata. Hujjarsu ta yi kyau har sai da wani ɗalibi mai shiru-shiru ya ɗauko takardar kantirolar famfon, na'urar da ke daidaita masa wutar farantai, ya karanta cewa ba ta ɗaukar fiye da bolt 150. Kowane faranti yana ba da kusan 45 in ba a ɗora masa kaya ba. Uku a jere 135, huɗu 180. Ya ƙara da cewa sanyin safiyar hunturu ƙara bolt ɗin yake yi, ba rage shi ba. Da an bi ta rukuni na biyu, da safiyar farko kantirola ta ƙone, kuɗin dattijo ya tafi. Shugabansu ya yi shiru, can ya ce, "Mun yi kuskure, ba mu karanta takardar ba." Na ba shi maki a kan wannan maganar, na kuma faɗa wa ajin na ba shi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Taron sashe kan yadda zan raba maki. Wani babban abokin aiki, wanda ya koyar da ni a HND, wato babbar difloma, ya ce aikin rukuni mutum ɗaya ke yinsa, biyar su zama 'yan rakiya, a ƙarshe duk su sami maki ɗaya. Gaskiya ya faɗa, na sha ganin haka a aikin kammalawa. Na ce, ranka ya daɗe, a ba ni dama in gwada kowane yaro shi kaɗai a gaban na'ura, maki mafi yawa ya fito daga nan. Ya amince, da sharaɗin zai zauna a gwajin.

Na kuma tuna wa taron cewa ba ƙirƙirata ba ce. Jami'ar Aalborg ta Denmak tun da aka buɗe ta a 1974 take gina karatunta a kan aikin rukuni, kusan rabin lokacin ɗalibi a can yake tafiya. A gida kuma, COREN, majalisar da ke kula da aikin injiniya tun 1970, ta shiga Yarjejeniyar Washinton ta ƙasa da ƙasa kan ingancin karatun injiniya a 2023 a matsayin mamba ta wucin gadi, kuma ginshiƙin yarjejeniyar shi ne a auna abin da mai kammalawa ya iya yi, ba awannin da ya zauna a aji ba. Wannan ta masu digiri ce, amma iskar za ta kaɗo har kanmu masu difloma.

Asabar, 14 ga Disamba

Sayen kaya. Na tafi da mutum shida da babban ɗan Baba, kuɗin yana aljihunsa.

A shagon farko aka fito mana da faranti, takardar bayansa ta ce wat 300, farashinsa ya yi araha sosai. Ɗan Baba har ya fara ciniki. Ɗalibar nan da ta yi tambayar wa zai biya ta zaro tef daga jaka ta auna: mita 1.48 da 0.67, wato murabba'in mita ɗaya. Ta ce, "Malam, rana tana ba da wat 1,000 a kan murabba'in mita, faranti mafi kyau ma kashi ashirin da 'yan kai cikin 100 yake kamawa. Wannan ko wat 230 ba zai kai ba." Mai shagon ya ce sabon samfuri ne. Muka roƙa a fitar da shi rana, ita da kanta ta juya mita ta ɗora: amfiya biyar da 'yan kai, takarda kuwa ta ce kusan tara. Muka yi sallama cikin mutunci muka fita. A shago na uku muka sami masu tsawon mita 1.95 da faɗin kusan mita ɗaya, kowanne sai da aka gwada shi a rana kafin a biya.

A wajen waya ni ne na koyi darasi. Lissafin yaran daidai yake: daga farantai zuwa kantirola mita 40 ne, zuwa da dawowa 80; waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 za ta cinye kusan wat 60, mai kauri 4 kuma wat 22. Muka zaɓi mai 4. Wani dattijo mai naɗin kwil da ke zaune a bakin shagon yana jin mu, ya ce a miƙo masa. Ya fere bakin wayar, ya kankare silin da wuƙa, sai ga fari a ƙarƙashin jan. Ya kunna ashana ya kara, silin ya lanƙwashe ya zube. Sanholo ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, kuma sanholo kamar kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da lissafin kaurin waya, ban taɓa nuna wa ɗalibi wannan gwajin ba, don ban san shi ba. Na karɓi izininsa zan kawo masa ajin gaba ɗaya.

Laraba, 8 ga Janairu, 2025

Mun dawo daga hutu, mun kai zanen ƙafafun farantai wajen mai walda a hanyar Ƙofar Ƙaura. Katsina tana kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, kuma duk tsawon noman rani rana ta kudu take bi, don haka farantai za su kalli kudu da karkata digiri 15. Ɗalibin da ya yi zanen ya miƙa yana ta maimaita digiri goma sha biyar. Mai walda ya ce, "Ɗan'uwa, ni tef gare ni. Ƙafar baya za ta fi ta gaba da nawa?" Yaron ya daburce. Sai da ya koma gefe da kalkuleta ya dawo ya ce rabin mita. Mai walda ya ce yanzu ka yi magana.

Shi kuma ya dubi zanen ya ce ƙarfen da suka zaɓa ya yi siriri, guguwar farkon damina za ta ɗaga farantan kamar faifai. Ya ƙara sanda a gicciye, ya ce a binne ƙafafun cikin kankare, ya kuma kawo shawarar a liƙe kawunan notuna da walda saboda masu kwancewa da dare. Babu ɗaya daga ciki da ke cikin zanenmu.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Na ji wani ɗalibi yana cewa abokinsa, mu da za mu zama injiniyoyi wai ɗan bakin titi ke gyara mana zane. Na kira shi gefe, na ce masa duk masana'antar da zai shiga, irin wannan mutumin ne zai karɓi zanensa, kuma ranar da ya raina shi ranar aikinsa zai fara rushewa. NBTE, hukumar ilimin fasaha da ke tsara mana manhaja, wadda aka kafa a 1977, ita kanta ta jawo masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna cikin tsarin takardar shaidar ƙwarewa ta ƙasa. Kafin mu tafi yaron ya je ya riƙe wa mai walda ƙarfe, na ji yana ce masa Maigida.

Asabar, 18 ga Janairu

Ranar haɗawa, kuma ranar da na tsorata.

Komai ya tafi daidai har wajen ƙarfe ɗaya. An zura famfo zuwa mita 12, an ɗaure shi da igiyar roba, an haɗa farantai, ya fara juyawa. Wani ɗalibi ya ga waya ta harɗe, ya kama mahaɗinta ya fizge alhali famfo yana aiki. Wuta ta yi tsalle tsakanin bakunan biyu, shuɗiya, da ƙara, ta narkar da robar, ta ƙona masa ɗan yatsa. Allah Ya tsare, ƙunar ba ta yi zurfi ba; malamar wakshof ta wanke ta ɗaure.

Laifina ne. Makashin wutar yana cikin kwali, na bari sai an gama gwaji a ɗaura shi. Kuma ban taɓa tsayawa na bayyana musu yadda wutar sola ta bambanta da ta gida ba. Ta gida tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, tana ratsa sifiri sau 100, tartsatsinta yakan mutu da kansa. Ta faranti miƙe take, in ta kama sai ta riƙe. Na tara su na faɗa musu haka, na ce kuskuren nawa ne, na rubuta shi a littafin aiki a gabansu kamar yadda nake sa su rubuta nasu. Muka tsayar da komai sai an ɗaura makashi. Daga yau babu mai taɓa mahaɗi sai ya kashe, ya gwada da mita, ya faɗa da ƙarfi cewa babu wuta.

Na kira mahaifin yaron da daddare na gaya masa da bakina. Ya ce, "Malam, wanda ke koyon ƙira ai ba ya rasa tabon wuta. Allah Ya kiyaye gaba."

Asabar, 25 ga Janairu

Ruwa ya fito ƙarfe tara saura na safe, siriri, yana ƙaruwa yadda rana ke hawa. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallon fangalin albasa yana cika babu ƙarar inji, sai salati yake yi. Maƙwabtansa suka taru.

Ban bar yaran sun tsaya murna ba, gani ya kori ji amma awo ya fi gani. Jarka mai lita 25 da agogon waya, duk awa ɗaya har la'asar. Da tsakar rana daƙiƙa 24 take cika. Jimlar yini ta kama kusan lita 21,000, ƙasa da abin da muka yi wa Baba alkawari da 4,000. Na ce su nemo inda suka ɓace.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Sun gano biyu. Na farko mesa ce: Baba ya jona tsohuwar mesarsa mai inci ɗaya, mita sittin, ruwa yana shan wahala a ciki. Da aka sauya da mai inci ɗaya da rabi, jarka ta koma cika a daƙiƙa 20. Na biyu ƙura ce. Rukuni na huɗu suka bar faranti ɗaya kwana goma ba wanki, suka wanke na kusa da shi, suka gwada su a minti ɗaya: wankakke amfiya 7.6, mai ƙura 6.5. Da yake a jere aka haɗa su, mai ƙura ɗaya yana jan sauran biyun ƙasa. Sun koya wa jikan Baba wanki da sassafe kafin gilashi ya yi zafi, da tsumma mai laushi, ba omo.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gwajin mutum ɗaya-ɗaya, kwana uku muna yi, yau aka gama. Na kafa ƙaramin tsari a wakshof da faranti da kantirola da famfon aro. Kafin kowa ya shigo sai in ɓoye matsala ɗaya: fis da ya yanke, waya da aka juya, mahaɗi mai sako-sako, ko kwali a kan kusurwar faranti. Minti goma sha biyar, mita ɗaya, kuma dole ya riƙa faɗin abin da yake zato kafin ya taɓa.

Goma sha bakwai suka gano matsalar cikin lokaci. Huɗu sun gano bayan lokaci ya cika. Uku ba su gano ba, kuma biyu daga cikinsu suna cikin masu manyan maki a rubutacciyar jarrabawa. Ɗaya ta fashe da kuka. Na ce mata wannan ba faɗuwa ba ce, za ta sake mako mai zuwa, kuma wakshof a buɗe yake kullum bayan la'asar. Makullin kabad yanzu yana hannun shugaban aji. Malamina da ya yi maganar 'yan rakiya ya zauna duk kwana ukun. Bai ce komai a kan tsarin ba, amma da za mu tashi ya tambaye ni ko zan ara masa faranti ɗaya don 'yan HND ɗinsa.

Abin da nake lura da shi a gwajin ba saurin hannu ba ne. Yaran shago suna da sauri, amma wasunsu canke suke yi: su sauya wannan, su jijjiga wancan, har Allah Ya sa a dace. Masu karatu kuma suna da dalili amma hannu yana rawa. Wanda nake nema shi ne mai cewa, in fis ne zan ga bolt a nan ba zan gani a can ba, sannan ya ɗora mita. Mutum tara suka yi haka.

Ina tunanin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da zai ratsa Daura da Katsina da Jibiya. Ina tunanin injinan iska 37 na Lambar Rimi, da jami'ar sufuri da aka kafa a Daura, da sola da ke hawa rufin asibitoci da masallatai kullum. Duk waɗannan sau ɗaya ake kafa su, gyaransu kuwa na shekaru ne, kuma mai gyaran ba daga Legas ko Chaina zai riƙa zuwa ba duk lokacin da fis ya yanke.

Laraba, 12 ga Maris, 12 ga Ramadan

Tun shigowar azumi muka mayar da zuwa lambu bayan sallar asuba. Shekaranjiya Baba ya aiko cewa famfo yana tsayawa da tsakar rana, ya huta, ya tashi, ya sake tsayawa. Ni ba ni ya kira ba. Lambar ɗalibin nan mai shiru-shiru ya nema a wajen jikansa, yaron ya hau babur da mita a jaka, sai daga baya ya sanar da ni.

Zatonsa na farko zafi ne, kuma zato ne mai tushe, don faranti yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 na ƙarfinsa a kan kowane digiri sama da 25, gilashin kuwa yanzu ba ya taɓuwa da rana. Ya gwada, bolt ya sauka amma ya ishi famfo. Bai tsaya kan zatonsa ba. Ya zauna da azumi a bakinsa har famfon ya tsaya a gabansa, ya ga fitilar da ta kama a kantirola ta ƙarancin ruwa ce. Ya zura igiya: fuskar ruwa da ke mita 5.5 a Nuwamba ta koma 8, kuma in famfo ya ja da ƙarfin tsakar rana sai ta gangaro har bakinsa. Bayan minti ashirin rijiya ta sake tarawa. Famfon lafiyarsa ƙalau, kare kansa yake yi daga juyawa a bushe. Ruwan ne ya gudu ƙasa, kamar yadda Baba ya faɗa mana ranar farko.

Yau muka je mu takwas. An sauke famfo zuwa mita 15, an bar mita uku tsakaninsa da ƙasan rijiya saboda yashi. An ɗan matse bawul don kada ja ya fi tarawa. Har azahar bai tsaya ba. Yaron ya rubuta rahoto shafi ɗaya, da lokaci da awo da zaton da ya fara yi da dalilin da ya sa ya bar shi. Na karanta shi sau biyu a cikin mota.

Wannan ma gyara ne ga lissafinmu na Nuwamba: mun auna rijiya a ƙarshen damina, muka tsara kamar haka za ta zauna. Da mun tambayi Baba zurfin ramin da yake kaiwa a watan Afrilu, da tun farko mun sa famfon a 15.

Talata, 8 ga Afrilu

An dawo daga hutun Sallah. Baba ya cire albasa, ya aiko wa ajin buhu guda da kwandon tumatir, an raba a wakshof. Ya ce tun ƙarshen Janairu sau uku kawai ya tayar da injin fetur, ranakun da hazo ya rufe rana. Bisa lissafin rukuni na ɗaya, kuɗin kayan ya yi daidai da fetur ɗin rani biyu, in farashi ya tsaya inda yake.

Ukun da ba su gano matsala ba sun sake gwaji, biyu sun wuce. Na ukun yana zuwa wakshof kullum, zan sake gwada shi ranar Alhamis. Maƙwabtan Baba biyu sun nemi a auna musu rijiyoyinsu. Ɗaya bututunsa inci biyu ne, famfonmu ba zai shiga ba, sai an nemi wata dabara, na ba rukuni na uku su yi tunani. Mai naɗin kwil ya yarda zai karɓi mutum biyu su yi shekarar aikin da ake bukata kafin HND a shagonsa, amma sai na bi ofis an amince da shagon a rubuce, kuma har yanzu takardar ba ta fito ba.

Saura kariyar tsawa. Ba mu kafa sandar ƙasa ba, ga hadari ya kusa fara haɗuwa. Ranar Asabar za mu je da sandar jan ƙarfe da guduma, mu kuma duba notunan ƙafafu kafin iskar farko. Na sa a rubuta fuskar ruwa duk mako har ruwan sama ya sauka, don 'yan ND2 na baɗi su tarar da awon rani guda cikakke.